Injektan PoE ɗina ya ƙi tayar da kyamara, ina matsalar take?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar netwok ku taimaka min. Ina so in sa kyamara a ƙofar gidanmu, daga ɗakin da rauta take zuwa get ɗin zai kai mita 70, kuma babu soket a wajen, shi yasa na sayi kyamarar Hikvision mai PoE don wuta da data su bi ta kebul ɗaya in huta da jan wayar wuta. To ina da wani injekta, wato ɗan akwatin da ke tura wuta cikin kebul ɗin netwok, da ya rage min tun lokacin da nake amfani da rediyon netwok na NanoStation, na jona shi, fitilarsa ta kama amma kyamara shiru, ko ɗan jan hasken nan na dare bata nunawa. Da na sa mata adafta na 12V a ɗaki ta tashi lafiya lau. Kebul ne ko injektan ne? Ko na ƙona ta ne ban sani ba?

Injiniya_Bichi:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai juya bayan injektan ka karanta abin da aka rubuta, ina da yaƙinin zaka ga 24V. Irin wanda yake zuwa da NanoStation ɗin Ubiquiti kenan, shi wuta kawai yake turawa a waya ta 4 da 5 da kuma 7 da 8, baya tambayar wa ke ɗaya ƙarshen, da ka jona ya sake ta. Ita kuma kyamararka tana bin ƙa'idar 802.3af ne, wadda aka fitar tun 2003, ita tana son wajen 48V, a ƙa'ida tsakanin 44 zuwa 57 daga inda wutar take fitowa. To 24 bai kai inda zata farka ba shi yasa tayi shiru, kuma tunda ta tashi da adafta in sha Allah baka ƙona komai ba.

Abin da zaka nema shine injekta da aka rubuta 802.3af ko 802.3at a jikinsa. Irin wannan kafin ya saki wuta sai ya fara ɗan taɓa na'urar da ƙaramin boltej ya ji ko ta amsa masa cewa ita mai PoE ce, in bata amsa ba baya sakin komai, shi yasa ko laftof ka jona bisa kuskure babu abin da zai same ta. af ɗin yana bada wat 15.4, amma abin da yake isa na'ura bayan asarar hanya 12.95 ne, ya ishi ƙaramar kyamara. at ɗin, wanda ake cewa PoE+, wat 30 ne, shi ake nema wa manyan kyamarori masu juyawa.

Sannan ka lura da ramukan, akwai wanda aka rubuta POE shi ke tafiya wajen kyamara, LAN kuma shi ke zuwa rauta.

Maman_Hanan_IT:
Injiniya ya gama magana, amma Yaya ni kebul ɗin nan naka nake ji. Mita 70 ba wasa bane duk da iyakar ita ce mita 100. Kasuwa yanzu ta cika da wanda ake kira CCA, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, a ido kamar na gaske kuma kwalin an rubuta Cat6 da manyan baƙi. Na taɓa sa wa wata makaranta kyamarori da irinsa ban sani ba, da rana komai lafiya, da magariba tayi fitilun dare na kyamarar suka kunna sai ta fara mutuwa tana tashi tana mutuwa tana tashi, don a lokacin ne take jan wuta da yawa shi kuma alminiyam yana cinye boltej a hanya. Sati biyu ina zuwa ina canja kan kebul ɗin, wato RJ45, ina zargin kaina, har na mayar da kyamara ɗaya wajen mai shago muka yi ta musu a banza, ashe baiwar Allah lafiyarta ƙalau. Ranar da na gane, wani dattijo mai gyara ne ya fere silin waya ɗaya da wuƙa a gabana, sai ga fari fat a ciki. Wlh ranar raina ya ɓaci sosai don da kuɗina na sake jan kebul gaba ɗaya.

Ka yanki ɗan guntu ka kankare, in ka ga fari ka ajiye shi. Ko ka sa masa ashana, na alminiyam nan take yake lanƙwashewa ya narke.

Dan_Maradi:
Ni gargaɗina a kan akasin abin da ya same ka ne. Akwai injektoci masu arha na 48V da su ma basa tambaya, turawa kawai suke. Ka jona irinsa a rediyon da yake son 24V, sai dai ka ji wari. Idan kana da kala biyu a gida ka manna musu takarda ka rubuta boltej da maka, don duk baƙaƙe ne kamanninsu ɗaya. Kuma tunda kebul zai bi waje ka sa shi a fayif ko ka sayi na waje mai kauri, ga rana ga ɓera, in damina ta zo kuma tsawa tana bin dogon kebul ta shigo har rauta.

Injiniya_Bichi:
Ƙarin bayani, in kana da niyyar ƙara kyamarori nan gaba kar ka tara injekta huɗu da tulin waya a ƙasan tebur, sayi ƙaramin suwic mai PoE kawai, wato akwati ɗaya mai ramukan kebul da yawa, sai dai ka duba jimillar wat ɗin da yake iya bayarwa, ba yawan ramuka kaɗai ba. Ka ɗora shi a kan inbata tare da rauta, in an ɗauke wuta kyamarar get tana nan tana aiki tunda daga ɗaki take shan wutarta.

Abban_Sadiq:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba, 24V ne kamar yadda Injiniya ya faɗa. Hajiya kuma na kankare wayar, fari ne a ciki, kuma har na riga na binne kusan rabinsa. Gobe zan shiga kasuwa in nemo injekta na af da kebul na jan ƙarfe zalla, da wuƙata zan tafi. Tambaya ɗaya, Cat5e mai kyau zai ishe ni ko dole sai Cat6?

Maman_Hanan_IT:
Cat5e na jan ƙarfe ya ishe ka Yaya, kyamara ɗaya a mita 70 ba zata dame shi ba.