Manaja ya ce Turancina na baki ne ba na takarda ba, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina aiki a sito na wani kamfani a Kaduna, shekara huɗu yanzu. Kawuna ne ya yi mini hanya, lokacin ina sayar da katin waya bayan na gama difloma. A shekarar mahaifinmu ya rasu, ƙannena uku suna wuyana, ga aure an sa mini rana bayan babbar sallah. Tsohon manajanmu bai taɓa kushe rubutuna ba, ni ma nake rubuta wa abokan aiki takardar neman hutu. Yanzu an kawo sabo. Ranar Litinin ya dawo mini da rahoton wata duk jan biro. Ya ja layi a ƙarƙashin "I have sent the goods yesterday", da "all the equipments", da "we discussed about the price". Ya ce Turancina na baki ne, in ban gyara cikin wata biyu ba zai ba wani aikin rahoton. Ga kuma abin da ya faru da baƙon nan ranar Laraba. Ni fa ina da kiredit a Turanci a WAEC, kuma haka nake jin kowa yana faɗa. Ina kuskuren yake? In shiga lesin ne ko in sayi littafi? Kuɗin da ke hannuna na lefe ne.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita ƙanena. Wane baƙo kuma? Ba ka faɗa mana ba.

Tsohon malamin Turanci: Ɗana, manajanka ya yi gaskiya a duka ukun, kuma duka ukun Hausa ce ka sa wa rigar Turanci. Shekara 31 na yi ina gyara irin wannan. Mu "na aika" ɗaya gare mu: na aika jiya, na aika yanzu, na riga na aika. Bature ya raba ta biyu. Da zarar ka ambaci lokacin da ya wuce, jiya ko makon jiya ko 2020, to "I sent" za ka ce. "I have sent" kuwa ta mai cewa aikin ya kammala ce, ba tare da ya faɗi yaushe ba. Ita da "yesterday" ba sa zama inuwa ɗaya. Na biyu, "equipment" a wurinsu kamar gari ne ko ruwa, ba a ƙirga shi. Haka "furniture", "information", "advice", "luggage". In dole sai ka ƙirga, ka ce "three pieces of equipment". Na uku, muna cewa mun tattauna a kan farashi, sai ka ɗauki "a kan" ka mayar da ita "about". "Discuss" ba ta ɗaukar ta, "talk" ce ke ɗauka. Maganar kiredit kuma ka ajiye ta. A insha'in WAEC maki 50 ne, 10 kacal aka ware wa tsabtar rubutu daga kurakurai. Yaro zai iya zubar da goman nan kaf ya kuma ci jarrabawa.

Mai tambaya: Na gode Baba Malam. Amma tsohon manajan digiri biyu gare shi, shi ma "equipments" yake rubutawa. Hajiya, baƙon wani injiniya ne Bature da ya zo duba janareta. Ya nemi makulli, na ce masa "I am coming" na tafi ɗaukowa. Sai ya ga na juya baya na fita, ya kai ƙarata cewa na yi masa wulaƙanci. Ni ladabi na yi.

Tsohon malamin Turanci: "Ina zuwa" ka fassara. Mu mai tafiya ne ke cewa ina zuwa. A kunnensa ka ce ga ka nan tafe wurinsa, sai ya ga ƙeyarka. "I'll be right back" ake cewa. 'Yan'uwanta suna da yawa: "I am hearing you", "I am having two cars", "borrow me your pen", "off the light". Kalmomin ji da sani da mallaka ba sa son "ing" a wannan ma'anar. Aro kuma biyu ne gare su, mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow".

Ɗalibi daga Zariya: Malam, da girmanka, ban yarda a kira komai kuskure ba. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow". Turancinmu iri ne mai zaman kansa. Su kansu ba su daidaita ba: ɗan Amurka zai ce "I already sent it", ɗan Ingila ya fi cewa "I've already sent it". A hira kuma kana jin Bature ya ce "there's three cars outside", ba wanda ya bi shi da jan biro. Yaya, kada ka bari a raina ka.

Tsohon malamin Turanci: Kalmomi aka shigar, ba a halatta "have sent yesterday" ba. Hira daban, rahoto daban. Wanda ya ce "gonna" a teburin shayi ba ya rubuta ta a takardar ofis. Kai karatu kake yi, shi albashinsa ne a kan siraɗi. Ɗana, ka sayi littafi mai shafi 40, ka raba kowane shafi biyu, hagu abin da ka saba rubutawa, dama gyaransa. Kullum jimla biyar.

Maman 'yan biyu: Ni abin da ke ci mini rai ke nan. Kowane zango muna zuba kuɗi a makarantar kuɗi, an hana yara Hausa, ana cin su tara in sun yi, amma jiya 'yata ta ce mini "Mummy, she have go". Na je na yi magana, malamar ajin ta ce mini "they are improving, isn't it?" Ba Hausa, ba Turanci. Wa zan kai wa kuka?

Mai shago a Kantin Kwari: Ni da 'yan Sin nake ciniki shekara da shekaru, "how much, last price" ta ishe mu, kaya na zuwa. Manajan nan wani nasa yake son kawowa, Turanci hujja ce kawai. Haka aka yi wa ƙanena a wani banki. Ka je ka gaya wa kawunka tun wuri.

Ma'aikaciyar jinya: Kada ka taɓa kuɗin lefe. Ka riƙa rubuta rahoton a kwamfuta, Microsoft Word zai ja maka layi a ƙarƙashin wasu kurakuran, ko ka sa manhajar gyaran Turanci ta Grammarly a waya. Ni "s" ɗin nan ta "he goes, she works" ce ta fi wahalar da ni, da "a" da "the". Ka gajarta jimlolinka, kuskure ya fi ɓuya a doguwar jimla.

Tsohon malamin Turanci: Na'ura za ta gyara masa takarda, ranar da manaja ya tsayar da shi a gaban baƙo fa? Hannu da biro, 'yata. Ba wata hanya.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma Baba Malam, ni ba na tunani da Hausa in zan rubuta Turanci, kai tsaye nake yi, shi ya sa nake ganin ba fassara ba ce matsalata. Kuma ƙarfe shida nake tashi daga aiki, ga hidimar biki, ina zan samu lokacin jimla biyar kullum? Kwamfutar sito ba ta da intanet. Maganar Alhaji mai shago a Kantin Kwari ta tsaya mini a rai, don manajan ya zo da wani yaro garinsu. Yau ma na ga saƙon da ya turo wa ma'aikata, ya rubuta "please revert back to me". Wannan daidai ne? In kuskure ne zan nuna masa gobe.

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah kada ka nuna masa.

Ɗalibi daga Zariya: Nuna masa, yaya. "Back" ɗin ƙari ce.

Maman 'yan biyu: Malam, kana yin lesin na yara ranar Asabar? Nawa ne wata?