Neman kalma: me za mu kira mutanen jirgin Mayflower?

Mai Shirin Tarihi: Assalamu alaikum malamaina. Ina cikin matsi. Gobe da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi kashi na uku na shirinmu kan tarihin Amurka, kuma har yanzu akwai gurbi uku a takardata. Labarin Turawan Ingilan nan ne su 102 da suka tsallaka teku a jirgin Mayflower a 1620, bayan wasunsu sun ɓata da cocin ƙasarsu, suka kafa garin Plymouth. Turawa na ce musu "Pilgrims". Waɗanda suka biyo bayansu a 1630 tare da John Winthrop suka kafa Boston kuma "Puritans" ne. Ta uku ita ce "colony", wato irin garin da suka kafa. Wanda ya fara yi mini fassarar ya rubuta "alhazai", ni kuwa bakina ya ƙi faɗinta. A taimaka kafin dare ya raba.

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam, Malama. Gara da bakinki ya ƙi. Alhaji yana zuwa ya sauke farali ya koma gida, waɗannan kuwa tafiyar da ba dawowa suka yi. Muhajirai za ki ce. Sun bar ƙasarsu saboda addini, kowa zai gane.

Ɗan Damagaram: Mu nan a makaranta da Faransanci muka karanta su, kuma su ma Faransawan da kalmar mai ziyarar ibada suka fassara. Me zai hana 'yan gudun hijira?

Malamin Sakandare: Da an ce 'yan gudun hijira, mai sauraro sansani zai hango da tantuna da layin karɓar tallafi. Ban da haka, ba daga bakin takobi suka faɗa jirgi ba. Tun 1608 suka gudu Holan, suka zauna a birnin Leiden daga 1609, fiye da shekara goma suna ibadarsu ba mai hana su. Wahalar saƙa da talauci ne suka ishe su, ga 'ya'yansu suna rikiɗewa suna zama 'yan Holan. Hijira ta biyu ce, kuma da shiri suka yi ta.

'Yar Jos: Yaya, bari in sa baki ta ɓangarenmu na Kirista, don asalin kalmar daga Littafi Mai Tsarki take. William Bradford, wanda ya daɗe yana gwamnansu, shi ya yi amfani da ita lokacin da yake ba da labarin rabuwarsu da 'yan uwa a Holan, yana nuni da Ibraniyawa sura ta 11, inda aka ce bayin Allah baƙi ne a duniya, wucewa suke yi. Babu wani wuri mai tsarki da suka nufa a Amurka. Ma'anar ta fi kusa da abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce baƙo raɓa ne. Kuma ba su ɗauki kalmar a matsayin sunan jama'arsu ba, sai can bayan shekaru fiye da ɗari jikokinsu suka mayar da ita suna. Da ni ce, "matafiyan bangaskiya" zan ce.

Mai Shirin Tarihi: Na gode ƙanwata, ban san wannan ba. Matafiyan bangaskiya na da daɗin ji, amma zan maimaita ta wajen sau 20 a cikin minti 25.

Mai Nazarin Harshe: Abin da ke damuna ke nan da mu. An tambayi kalmar Hausa, sai ga alhazai, ga muhajirai, ga hijira, duk Larabci. Ina tamu? Muna da ƙaura. Tun bara nake faɗa a zauren nan cewa a ce Ƙaurawa. Tilo Baƙaure, mace Baƙaura, jam'i Ƙaurawa, kamar Bakano da Kanawa. Gajeriya ce, tana bin ƙa'ida, ba ta aro daga kowa.

Tsohon Tafinta: Ɗana, ƙa'idar ta yi daidai, kunnen ne zai ba ka matsala. Ka ce Ƙaurawa a rediyo, mutumin Gusau zai ɗauka mutanen Ƙauran Namoda ne suka ci Amurka. Mutumin Katsina kuma zai ji kamar ƙauraye. Manomi zai tuna dawa. Na yi shekaru ina fassarar labarai, abin da na koya shi ne mai sauraro ba ya iya komawa baya ya sake karanta jimla. Kuma hijira ta daɗe da zama tamu. Shehu Usmanu ya tashi daga Degel zuwa Gudu a 1804, babu wanda ya taɓa kiran wannan tashin da wani suna in ba hijira ba.

Mai Nazarin Harshe: Da girmamawa Baba, hujjarka ta fi ƙarfafa tawa. Hijira a kunnen Bahaushe kalma ce mai tsarki, ta Manzon Allah ce da sahabbansa, ta Shehu ce da jama'arsa. Idan Malama ta ce muhajirai ta riga ta wanke mutanen nan tun kafin ta fara labari. Ƙaura ba ta yabo, ba ta zagi.

Ɗan Zangon Kumasi: A nan kam ina bayan Malam Mai Nazari, amma ba don Ƙaurawa ba. Sunan da ya dace da su yana nan kullum a labaran duniya: 'yan kama-wuri-zauna. Ƙasar da suka sauka tana da masu ita, mutanen Wampanoag. Wurin da suka gina Plymouth ma kufan wani gari ne mai suna Patuxet, wanda annoba ta share mutanensa tsakanin 1616 da 1619. Gonakin da aka riga aka share suka tarar. Tisquantum, wanda ya koya musu shuka masara da kifi a gindinta a matsayin taki, ɗan garin ne. Wani Bature mai jirgi ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifen don ya sayar, ya dawo gida ya iske ba kowa. Da Turancin da ya koya bayan an sace shi ya yi musu tafinta. Shekara 55 bayan saukarsu, a 1675, ɗan sarkin da ya karɓe su, Metacom, shi suke yaƙa, suka kashe shi a 1676, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi. Wane muhajiri ne ke yi wa mai masaukinsa haka?

'Yar Jos: Gaskiya ce mai ɗaci, ban musa ba. Amma a lokacin sanyin farko kusan rabinsu suka mutu da yunwa da cuta. Mata 18 ne matan aure a jirgin, huɗu kacal suka kai kaka ta farko. Ba runduna ce ta sauka ba. Idan aka fara kiransu 'yan kama-wuri-zauna tun a kan teku, an sa musu laifin da jikokinsu suka yi.

Malamin Sakandare: Akwai fuska ta uku da duk muka tsallake, kuma ita ta shafi kalmar "colony". Mutanen nan da bashi suka je. Ba su da kuɗin jirgi, sai wasu fatake na Landan ƙarƙashin Thomas Weston suka zuba jari. Hannun jari ɗaya fam 10, duk mai shekara 16 zuwa sama da ya tafi, jikinsa shi ne hannun jarinsa ɗaya. Sharaɗin shi ne shekara bakwai komai na haɗaka, daga gona har riba, sannan a raba. Kayan farko da suka aika Ingila a 1621, fatu da katako, Faransawa suka kwace jirgin a hanya. Noman haɗakar ma bai yi albarka ba, sai a 1623 Bradford ya yanka wa kowane gida filinsa, masara ta wadata. Malama, a nan ba kya buƙatar neman kalma: sun bar gandu sun koma gayauna. Duk ɗan ƙauye zai gane ki nan take. Daga baya suka yi yarjejeniyar sayen hannun fataken a kan fam 1,800, kuma abin da ya biya bashin shi ne fatar wata dabbar ruwa mai laushin gashi da ake yin huluna da ita a Turai. Suna ba mutanen ƙasa masara, suna karɓar fata. Sai a shekarun 1640 suka rabu da bashin.

Mai Shirin Tarihi: Gandu da gayauna! Wallahi Malam ka biya ni, na rubuta. To garin fa? "Mulkin mallaka" na sa da farko.

Tsohon Tafinta: Kada ki sa. Mulkin mallaka a wurinmu Lugard ne da Razdan da Di'o: Bature kaɗan, ya mulki masu ƙasa ta hannun sarakunansu, wa'adinsa ya cika ya koma gida. Can kuwa zuwa suka yi da mata da yara da iri, don su maye gurbin masu ƙasar. Abu biyu ne daban, Turanci ne ya haɗa su a kalma ɗaya. Ki ce matsuguni.

Ɗan Zangon Kumasi: Ko zango. Mu nan zango muke cewa.

Tsohon Tafinta: Zangonku a ƙasar Asantehene, sarkin Asante, yake, kuma har gobe kun san ƙasar wa kuke. Kada ka ba su sunanku.

Ɗan Damagaram: Tunga fa? Mafarauta ko masunta su kafa tunga, ta girma ta zama gari.

Mai Nazarin Harshe: Tunga ta fi matsuguni sau goma, don matsuguni Hausar gidan rediyo ce, an ƙera ta ne a ɗakin labarai. Abin da nake faɗa ke nan, 'yan jarida sun ƙwace harshen nan daga hannun masana. Mu da muka yi shekaru muna nazarin ginin kalma ba a tambayarmu, sai wanda ya riƙe makirfo ya faɗi abin da ya zo bakinsa, gobe ya zama ƙa'ida.

Tsohon Tafinta: Matsuguni daga tsuguna take, kamar mazauni daga zauna. Wane ɗakin labarai ne ya ƙera tsuguno? Kalmomi nawa kuka ƙirƙira a tarukan jami'a da suka mutu a cikin takarda? Mu muna da minti goma kafin labarai, ku kuna da shekara goma.

Ɗan Damagaram: Ku duka biyun kuna magana kamar Hausa ta tsaya a Kano da Kaduna. Mu a Nijar tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Ya kamata a riƙa jin ta bakinmu kafin a yanke kalma.

Malamin Sakandare: Ba wanda ya hana ka, kai ka kawo tunga kuma ana kan duba ta.

Mai Shirin Tarihi: Don Allah malamai, sha ɗaya ta wuce, kuma ba a taɓa "Puritans" ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Masu tsattsauran ra'ayi. Sun kori limami Roger Williams kan saɓanin ra'ayi, ya je ya kafa garin Providence a 1636. Sun kori wata mai wa'azi, Anne Hutchinson. Sun rataye mutane huɗu 'yan ɗarikar Quaker a Boston. Har bikin Kirsimeti suka haramta a 1659.

'Yar Jos: Duk sun faru. Amma wannan laƙabin yau na masu ɗaukar bindiga ne, kuma bai faɗi abin da suke nema ba. Su so suke a tsarkake cocin Ingila daga abin da suke gani ragowar Katolika ne: rigunan limamai, durƙuso wajen karɓar Jibin Ubangiji, ikon bishop-bishop. Bambancinsu da mutanen Plymouth shi ne su ba su ce sun fita daga cocin ba, gyara suke so daga ciki. Na Plymouth ne 'yan a-ware. Kuma su ne suka kafa kwalejin Harvard a 1636, don kada limamai masu ilimi su ƙare musu.

Mai Nazarin Harshe: Tsarkakawa.

Tsohon Tafinta: Wannan ta nuna su ne tsarkakakku, alhali maƙiyansu ne suka laƙaba musu sunan don ba'a. "Masu rajin tsarkake coci" a ambato na farko, daga nan "'yan tsarkake coci". Na ga wani ya turo mini a gefe cewa a kwatanta su da wata ƙungiyar addini ta gida. Malama, kada ki kusanci wannan a iska, wayoyin gidan rediyonku ba za su huta ba.

Mai Shirin Tarihi: Ba zan kusanta ba, Baba. Ga abin da na tsayar, don dole in kwanta. A farkon shiri zan faɗi sunan Turancin sau ɗaya in bayyana asalinsa yadda ƙanwata ta Jos ta kawo. A Leiden da kan teku zan ce masu hijira, ba muhajirai ba, don hujjar Malam Mai Nazari ta shige ni. Daga inda aka fara yanka filaye da yaƙi zan ce 'yan kama-wuri-zauna. Na biyun, 'yan tsarkake coci. Garin kuma Plymouth tunga ce a shekarunta na farko, amma Massachusetts, yankin da Boston take, da mutum kusan 20,000 suka kwarara cikinta a shekara goma, da jiragenta na kamun kifi da fataucin katako, ta wuce tunga. Nan zan ce matsuguni.

Ɗan Zangon Kumasi: To ki tabbata kin faɗi inda busasshen kifin nasu yake zuwa. Mafi ƙarancin daraja tsibiran rake ake kai shi, abincin bayin da aka kwaso daga gaɓar tekunmu. Tun 1638 jirginsu ya sauke bayi baƙar fata a Boston.

Mai Shirin Tarihi: Yana cikin kashi na huɗu, in sha Allahu.

Mai Nazarin Harshe: Masu hijira ɗin ma hijira ce dai. Na haƙura don lokaci ya ƙure miki, ba don na gamsu ba. Idan za a buga shirin a rubuce, ina roƙon a sa Ƙaurawa ko sau ɗaya ne, a ga yadda masu karatu za su karɓe ta.

Ɗan Damagaram: Ita dabbar mai fatar fa, me za ki kira ta gobe?

Mai Shirin Tarihi: Innalillahi, na manta da ita. Wa ke nan bai yi barci ba?