Wai gwamnati na sauraron kiran wayarmu ne?

Mai Albasa, Mile 12:
Salam jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min. Jiya wani ya kira ni wai daga banki, ya faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata har garin da na fito, saura ƙiris in karanto mai lambar da suka turo min, Allah ne ya sa yaron shagona yace Alhaji kashe wayar nan. Tunda aka sa mu haɗa layi da NIN hankalina bai kwanta ba. Gwamnati na jin abinda muke faɗa a waya ne? Kuma ta ina ɓarayi ke samun bayanan mutum?

Ɗan Agege:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin maganarka ta waya. Amma a 2019 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idar da ta ba jami'an tsaro damar sauraron kira da izinin alƙali, in abin gaggawa ne ma suna iya farawa kafin izinin ya fito. To waye ke duba ko an bi ƙa'idar, nan ne matsalar take.

Maman Khalifa, Idi-Araba:
Ni wallahi abin na ci min rai. Tun ƙarshen 2020 muke bin layi cikin rana da goyo a baya, a 2022 aka toshe layukan mutane suka kasa kira, akace duk don a kama masu garkuwa ne, amma har yau da waya suke neman kuɗin fansa. Sai gashi a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan intanet dake sayar da bayanan NIN na mutane akan naira 100. Mun bada amana ba a riƙe mana ba.

Mai Gyaran Waya, Computer Village:
Yallaɓai wani abun kuma daga hannunmu yake fita. Kullum ina ganin wayoyi cike da manhajojin bashi, mutum ya danna yarda bai karanta ba sun kwashe lambobin dake wayarsa kaf, ranar da ya makara biya su tura wa surukansa saƙon cin mutunci. Ga masu barin fotokwafin takardar NIN a shago a tafi. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, hukumar kare bayanai ta NDPC na karɓar ƙorafi, ka rubuta musu. Amma kafin nan gobe da safe kaje reshen bankinka da ƙafarka ka canza PIN, ka basu lambar da ta kira ka.