Gasar foka: yaya ake yi idan zubin dole ya fara hawa?

Sabon_Hannu

Barkanmu da warhaka, 'yan'uwa. Ina neman haske a kan gasar Texas Hold'em, nau'in foka da ake raba wa kowa karta biyu. A farko komai lafiya: jari 20,000, zubin dole 50/100 (ƙaramin zubi da babban zubi, waɗanda mutum biyu ke sawa bi da bi kafin a raba karta), mutum na zaɓar kartar da yake so ya shiga da ita. Amma duk minti 15 zubin na hawa. Misali ya kai 400/800 da ante 800 (ƙarin zubin da na babban zubi ke biya a madadin kowa), jarina 12,000, tebur na mutum tara. An ce mini in yi haƙuri in jira karta mai kyau, to ina jira jarin na zagwanyewa. Yaushe ake daina jira?

Mai_Lissafi

Ɗan'uwa, fara da daina ƙirga jarinka da dubbai. Raba shi da babban zubi, wanda 'yan wasa ke taƙaitawa BB. 12,000 a kan 800 ya ba ka BB 15. A farkon gasa kana da BB 200, ka ga ba wasa ɗaya ba ne. Kuma ka riƙa duban agogo: in mataki na gaba 500/1,000 ne, jarinka ya koma BB 12 ba tare da ka taɓa karta ba.

Akwai wani ma'auni da Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar foka ta duniya, WSOP, a 1995, ya yaɗa, ana ce masa M. Ka haɗa abin da kewaye ɗaya, wato zubin dole ya zagaya tebur sau ɗaya, ke ci maka: 400 da 800 da 800, wato 2,000. Raba 12,000 da shi, M ɗinka 6. Ma'ana kewaye shida ya rage maka in ka naɗe hannu.

Yanzu batun jira. Hanyoyin da za a iya raba maka karta biyu 1,326 ne. A cikinsu A-A, K-K, Q-Q da A-K gaba ɗaya 34 ne kacal, kusan sau ɗaya a rabo 39. A teburin mutum tara, rabo 39 ya haura kewaye huɗu, kowane kewaye kuma BB biyu da rabi yake ci. Kafin kartar da kake jira ta zo, ka biya fiye da BB 10 cikin 15 ɗinka. Ko ka ninka ɗan abin da ya rage, ba ka dawo inda kake yanzu ba. Shawarar haƙuri ta lokacin da jari ke da zurfi ce.

Kujerar_Ƙarshe

Lissafin malam daidai ne, sai dai kada ka fahimci cewa za ka shiga kowane rabo. Kujerar da kake zaune ita ce ke faɗa maka.

Tsakanin BB 15 da 25, yawancin abin da kake samu daga kwashe zubin dole yake zuwa, tun kafin a buɗe karta a tebur. In kowa ya ajiye kartarsa, wato ya fita daga rabon, har magana ta zo kanka a kujerar mai raba ko ta damansa, mutum biyu ko uku ne kawai suka rage a bayanka. Ɗaga zuwa BB 2 ko 2.2, kada ka wuce haka. Akwai BB 2.5 a tsakiya. In ka sa 2.2, sau 47 cikin ɗari kake buƙatar su ajiye ka mayar da kuɗinka, ko da kartarka ba za ta taɓa ci ba. In ka ɗaga zuwa 3 kamar yadda ake yi a farkon gasa, buƙatar ta koma kusan 55, kuma wanda zai ajiye a 3 yawanci zai ajiye a 2.2.

Abin da ya fi kashe sababbi shi ne bin ɗagawar wani don a ga me zai fito. Ɗauki ƙananan tagwaye, kamar 4-4. Samun ta uku a karta ukun farko da ake buɗewa kusan kashi 12 ne cikin ɗari, sau ɗaya cikin takwas da rabi. Don bin ya biya, sai kai da abokin karawarka kowa na da aƙalla ninki 15 na abin da za ka biya. Da BB 15, ka bi 2.2, ba ka kai ninki bakwai ba. Haka 7-6 masu zane ɗaya. Waɗannan ko ka tura jarinka duka ko ka ajiye. Kuma ka bar shiga da biyan babban zubi kawai ba ɗagawa: ka ba na bayanka damar su ɗaga su kore ka.

Togaciya ɗaya: in kai ne a babban zubi aka ɗaga zuwa 2, BB ɗaya za ka ƙara a kan 4.5 da ke tsakiya. Damar ci ta kashi 18 cikin ɗari ta ishe ka, don haka nan kam ana bi da karta da yawa.

Sabon_Hannu

Na gode, malamai. Amma tura duka ɗin nan ne ke ba ni tsoro. Ba gara in bari sai ya zama dole ba?

Mai_Lissafi

In ya zama dole, ai ya riga ya rasa amfaninsa. Ƙarfin tura duka shi ne mutane su ajiye. Ka tura BB 10, na babban zubi sai ya biya 9 don ya ci 12.5, yana buƙatar kusan kashi 42, zai jefar da yawancin kartarsa. Ka tura BB 4, zai biya 3 don ya ci 6.5, kashi 32 ya ishe shi, zai bi ka da kusan komai. Daga nan sai abin da karta ta yi.

Daga BB 10 zuwa ƙasa babu ƙaramar ɗagawa. In kai ne farkon shiga a kujerar mai raba, tura da kowane tagwaye, kowace A, karta biyu daga 10 zuwa sama, da masu bin juna na zane ɗaya kamar 9-8. A kujerun farko, da mutum bakwai ko takwas a bayanka, matse: tagwaye daga 5-5, A-J zuwa sama, A-10 da K-Q masu zane ɗaya. Ka lura da inda zubin yake ma. A tsarin da na babban zubi ke biyan ante na kowa, BB 6 na komawa 3.5 da zarar zubin biyu sun bi ta kanka. Tura kafin su iso.

Kartar da ake turawa da ita ba ita ake bin turawar wani da ita ba. A-5 ta isa turawa daga kujerun baya, amma in ta haɗu da A-K damarta kusan kashi 30 ce ko ƙasa.

Kujerar_Ƙarshe

Sai in ƙara batun gab da shiga kuɗi. Yawancin gasa kashi 10 zuwa 15 na 'yan wasa ake biya. In saura mutum biyu ko uku a fara biya, kwabban jarin da za ka rasa sun fi waɗanda za ka samu daraja, domin faɗuwa a nan fita ce hannu rabbana. Matse bin turawar wani sosai, musamman in ga mai BB 2 a teburin da zubi zai cinye kafin kai. Wanda za ka kwashe wa zubi shi ne mai matsakaicin jari, BB 15 zuwa 25, don shi ne ke gudun faɗuwa. Mai babban jari zai bi ka ba tare da ya ji ba, mai BB 3 kuma ba shi da zaɓi.

A misalinka na BB 15, in mai yawan ɗagawa daga kujerun baya ya sa 2.2, tura duka a kansa da tagwaye, A-10 ko K-Q. In ya ajiye ka kwashi BB 4.7, kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinka.