Me za mu kira "mileage tax" da Hausa?

Masu fassarar labarai sun fara cin karo da wannan kalma, don haka gara a tsayar mata da suna tun kafin kowace kafa ta raɗa nata. Haraji ne da mai mota yake biya gwargwadon tafiyar da motarsa ta yi, a madadin wanda ake ɗorawa a kan man fetur. A Amurka harajin tarayya a kan galan ɗaya na fetur yana nan a santi 18.4 tun 1993, alhali kuɗin gyaran tituna sai hauhawa yake yi, ga kuma motocin lantarki da suke bin titi ba tare da sun shiga gidan mai ba. Wannan ne ya sa jihar Oregon ta ɓullo da shirin OReGO a 2015, inda ake ƙirga mil ɗin da mota ta yi a caji mai ita.

An kawo shawarar "kuɗin hanya", amma duk Bahaushen da ya ji haka, abin da zai zo masa shi ne guzirin da ake damƙa wa baƙo in zai koma gida. "Kuɗin mota" kuwa na fasinja ne, kwandasta yake karɓa.

"Harajin mil" ya fi su kusa, kuma mil ba baƙo ba ne a bakinmu, tunda har unguwar Mil Tara muke da ita a Kano. Matsalarsa ita ce ya ɗaure kalmar da ma'auni guda: Niyu Zilan, wadda ta shigar da motocin lantarki cikin tsarinta na irin wannan haraji a 2024, da kilomita take lissafi, kuma mai karatu a Maraɗi ko Damagaram kilomita ya sani.

Ni dai na fi karkata ga "harajin nisan tafiya". Yana shiga jimla ba tare da tangarɗa ba: "majalisa ta ƙara harajin nisan tafiya". Yana kuma bayyana inda gardamar take, domin da jin sa an san wanda tsadar haya ta kora bayan gari, yake doguwar tafiya zuwa aiki kullum, shi ne zai fi biya, bayan inshora da gyara da sabunta takardu da suka riga suka nauyaya riƙon mota.

Saura kanun labarai, inda wuri yake da ƙaranci. Malaman harshe da ma'aikatan rediyo, shin "harajin nisa" zai wadatar a can, ko kuwa gajartawar ta ɓata ma'ana?