Baƙin Dagona sun sauka, a kawo baiti

Ɗan Nguru:
Salam jama'a, jiya da asuba ina Dagona, dausayin tsuntsaye na jihar Yobe, da madubin hangen nesa, hazo ya rufe ruwa sanyi kamar zai cire kunne amma agwagin Turai sun iso, har na hango wata da zobe a ƙafa. Ga nawa:

Hunturu ya zo da baƙi,
Sun yi sansani Dagona,
Babu fasfo babu biza,
Sun haye Sahara ba kwana.

'Yar Haɗeja:
Ɗan Nguru rage cika baki,
Zo ka ga taro Baturiya,
Wai kallo ka ce ka je yi,
Mun sani, kana neman na miya.

Bakatsine:
Kai Hajiya kin kashe shi wlh, a ba ta kofin kawai 😂

Ɗan Nguru:
Ni ba na cin baƙo Hajiya,
Ko Filip mijin Sarauniya,
Dagona ya zo a 1989,
Ki faɗa wa 'yan Baturiya.

Malam Mai Arulli:
Tsaya ɗana, wa ya taɓa cusa 1989 cikin ɗango? Karanta shi da ƙarfi ka ji, numfashinka zai ƙare kafin ka kai tara. Ga shi ka bar amsa-amonka na "na" ka ari na Hajiya.

Ɗan Nguru:
Malam da sandarta na rama ai

Sabon Shiga:
Shamuwa ta zo daga Turai,
Ta sauka bisa kukar gidanmu

'Yar Haɗeja:
Ƙanena shamuwa da hunturu?
Ita da damina take tahowa,
In ka ga fari yanzu a kuka,
Balbela ce, je ka dubawa.

Malam Mai Arulli:
"Je ka dubawa" ba Hausa ba ce Hajiya, kin murɗe wuyan kalma don amsa-amo.

Bakatsine:
Malam kai kullum gyara, kawo naka baitin mu auna mana

Masunci:
Ku yi haƙuri sai yau na samu data. Nawa kan ciyawar kachalla ne.

Kuna ta rigima kan ɗango,
Kachalla ta cinye hanyar ruwa,
Tun da aka datse Tiga da Challawa,
Dinya da kifi suna raguwa.

Malam Mai Arulli:
Ɗango na uku ya yi tsawo.

Masunci:
Malam zo ka shiga kwalekwale ka rage shi.