Layi uku da sunana, ni kuwa ɗaya na sani

Direba a Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya wani abokina ya nuna mini Arqami, inda hukumar sadarwar Saudiyya ke nuna wa mutum layukan da aka yi rajista da iƙamarsa, wato katinsa na izinin zama a ƙasar. Ina dubawa sai ga layi uku da sunana, alhali ɗaya ne a aljihuna. Sai na tuna bara a wani ɗan shago, yaron ya sa na dangwala yatsa har sau uku, wai na'urar ba ta kama ba. Yaya zan yi?

Ɗalibi a Madina:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ai ta kama sarai, kowace dangwalawa layi guda ya fitar. Tun 2016 ake ɗaukar hoton yatsa kafin a ba da layi, don haka duk wanda aka damfara da su, kai za a nema. Kada ka kwana da su. Je ofishin kamfanin da iƙamarka a rufe biyun, in sun yi jan ƙafa ka kai ƙara hukumar.

Tela a Makka:
Ƙanena ma an kira shi, wai daga banki, aka ce ya buɗe Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, ya danna lambar da suka faɗa. Allah ya taimake shi yana tsakiyar guga, ya ce sai anjima. Duk buƙatar da ba kai ka tura ba, kada ka amince da ita.

Direba a Jidda:
Na gode. Gobe in na sauke yara a makaranta can zan nufa, in sha Allahu.